Intel ko AMD: wanne za ka saka a sabuwar kwamfutar tebur in kana zaune a Saudiyya

Daren Alhamis ɗin da ta wuce wani ƙanina da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "Yaya don Allah ka raba ni da wannan ruɗanin, na tara 'yan kuɗina ina so in haɗa kwamfutar tebur, na shiga shago biyu, na farko ya ce in ba Intel ba kar in saya, na biyu ya ce yanzu kowa AMD yake sakawa, ni kuma kuɗin nan da gumi na same su, ba na so in zubar." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, don na daɗe ina haɗa wa 'yan uwa kwamfuta a nan Jidda in na tashi daga aiki, kuma kusan duk wanda ya zo da wannan tambayar yake farawa. Abin da na faɗa masa a waya shi na zauna na faɗaɗa, ko wani zai amfana kafin ya nufi shagunan titin Khalid bin Walid a Jidda ko kasuwar kwamfuta ta Ulayya a Riyad.

Ka fara riƙe wannan: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da Intel da AMD ke ƙerawa, ba ya zama shi kaɗai. Shi ne zai zaɓa maka madabod, wato babban farantin da ake jera sauran kayan a kai, madabod ya zaɓa maka irin RAM, ma'ajiyar aikin da ake kan yi, zafin furosesan kuma ya zaɓa maka fanka da fawa saflai mai raba musu wuta. Wato in ka ce Intel ko ka ce AMD, gida guda ka zaɓa da duk mutanen cikinsa, shi ya sa kwatanta farashin furosesa biyu kawai yake yaudarar mutane. A shago in ka ji sun ce mu'alij to furosesa suke nufi, kart shasha shi ne katin girafik mai fitar da hoto a allo, mahal shago, fatura rasit, daman kuma garanti.

Abubuwan da za ka auna da su

Na farko aikin da za ka yi da ita, kuma ka faɗa wa kanka gaskiya. Mai Word da Excel da Maktaba Shamila da buɗe shafuka ashirin a burauza daban yake da mai yanka bidiyon alhazai da masu umara kullum, shi ma daban yake da mai gem. Na biyu kuɗin gidan gaba ɗaya, furosesa da madabod da RAM da fanka a haɗe. Na uku zafi da cin wuta, wannan kuwa mu da ke ƙasar nan bai kamata mu yi wasa da shi ba. Sai daɗewa, wato ko bayan shekara uku huɗu za ka iya cire furosesan ka saka wanda ya fi shi ba tare da ka watsar da madabod ba. Sai sauƙin haɗawa, sai haɗari da garanti.

Akwai kuma wata tambaya da masu bidiyon YouTube na Amurka ba za su taɓa yi maka ba: ina kwamfutar nan za ta ƙare? Da yawanmu in iƙama, wato takardar izinin zama, ta ƙare ko karatu ya kammala, kargo za a saka ta zuwa Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda za ta koma rayuwa a kan sola da inbata ko janareta. Wannan kaɗai yana iya juya zaɓin.

Gidan AMD

AMD gida biyu gare su a kasuwa yanzu. Tsohon shi ne soket AM4, soket kuwa shi ne gurbin da furosesa ke zama a madabod, shi furosesan AMD mai suna Ryzen na farko ya hau a 2017, kuma abin da ya sa mutane suka amince da su kenan, don soket ɗin nan ya ɗauki Ryzen 1000 har zuwa 5000, har a farkon 2024 suna fitar masa da sabon kaya irin 5700X3D. Na san masu madabod B450 da suka saya tun da daɗewa, sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kawai aka yi aka ɗora musu Ryzen 5 5600, kwamfuta ta dawo kamar sabuwa. AM4 da RAM irin DDR4 yake aiki, kayansa sun yi araha, amma ka sani hanya ce da ta zo ƙarshe, abin da ke akwai shi ke nan.

Sabon gidan shi ne AM5 da ya fito a Satumban 2022 da Ryzen 7000, sannan Ryzen 9000 a Agustan 2024. DDR5 kawai yake karɓa, babu zancen ka ɗauko tsohon RAM ɗinka. AMD sun faɗa da bakinsu cewa za su ci gaba da tallafa wa soket ɗin har 2027 da gaba, to wanda ya sayi madabod B650 mai kyau da ƙaramin furosesa irin Ryzen 5 7600 yau, yana da damar ya ɗora babba nan gaba in Allah ya hore.

Farashi. Ba zan ba ka farashin shago na yau ba tunda kullum canzawa yake, amma ga yadda za ka yi lissafi da kanka: riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 duk dala ɗaya, sannan ka ƙara harajin kashi 15 da ake cira tun Yulin 2020. Ryzen 5 7600 ya fito a dala 229, kusan riyal 860 kenan kafin haraji, kuma da fankarsa a kwali. 9600X ya fito a 279, 9700X a 359, 9950X mai kor 16, wato ƙananan injinan aiki 16 a cikinsa, a 649. Shi kuma 9800X3D da 'yan gem ke rububi ya fito a Nuwamban 2024 a dala 479, wajen riyal 1,800, da haraji ya haura 2,000. In mai shago ya faɗi kuɗin da ya zarce wannan lissafin sosai a kan kayan da ya shekara a kasuwa, ka yi masa godiya ka leƙa na gaba.

Masu X3D ɗin nan bari in ɗan tsaya a kansu. Abin da AMD suka yi shi ne sun ɗora wata ƙarin ma'ajiya mai saurin gaske a jikin furosesan, 7800X3D da 9800X3D kowanne yana da 96MB na ma'ajiyar da ake kira L3, to bayanan da gem ke nema a kai a kai suna nan kusa, ba sai an je RAM an ɗauko ba. Kamar mai shayi ne da ya jera madara da sukari a gabansa maimakon duk kofi ɗaya ya ruga sito. Shi ya sa a gem irin CS2 da Fortnite da PUBG suke gaba, kuma ba tare da sun sha wuta da yawa ba. Amma ka ji da kyau, wannan ribar sai kana da katin girafik mai ƙarfi take fitowa, in katinka ƙarami ne shi zai riƙe ka, furosesan riyal dubu biyu zai zauna yana jiran sa ne kawai. Na sha hana yara wannan kuskuren, su zuba rabin kuɗinsu a X3D sannan su rasa na kati.

Wajen zafi da wuta, 7600 da 9600X da 9700X duk wat 65 aka rubuta musu, fankar iska mai matsakaicin kuɗi ta ishe su. Manyan irin 7950X da 9950X wat 170 ne, su kam sai babbar fanka. Wani abu da ke tsorata sababbi shi ne Ryzen 7000 masu X an ƙera su ne su hau har digiri 95 in aiki ya yi nauyi, haka tsarinsu yake ba lalacewa ba ce, kuma akwai Eco Mode a BIOS da zai sauke su ba tare da ka yi asarar gudu mai yawa ba.

Haɗawa ba wuya, sai dai abu biyu. Kunnawar farko a AM5 tana iya ɗaukar mintuna allo baƙi ƙirin saboda madabod yana gwada RAM, kar ka kashe, ka ba shi lokaci. A AM4 kuma allurai a jikin furosesan suke, in za ka cire fanka bayan man sanyaya da ke tsakaninta da furosesan ya bushe tana iya fizgo furosesan gaba ɗaya, to ka kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna sannan ka murɗa fankar a hankali.

Haɗari kuwa su ma sun taɓa nasu. A Afrilun 2023 an samu wasu Ryzen 7000, musamman masu X3D, suna ƙonewa a cikin soket saboda wutar da wasu madabod ke tura wa wani sashe ta yi yawa, AMD suka fitar da gyaran BIOS da ya taƙaita ta a bolt 1.3. Maganin dai ka sabunta BIOS ranar da ka haɗa.

Gidan Intel

Su ma gida biyu ne. Soket LGA1700 ya fito ƙarshen 2021 da zubi na 12 na furosesoshinsu, ya ɗauki na 13 a 2022 da na 14 a 2023, daga nan aka rufe shi. Babban alherinsa shi ne akwai madabod ɗinsa na DDR4 akwai na DDR5, kai za ka zaɓa, kuma tunda farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi daga ƙarshen 2025, wanda ke da DDR4 a ajiye ya san darajar wannan. Ka dai lura yawanci madabod ɗaya ba ya karɓar duka biyun, ka karanta kwalin da kyau. Sabon gidan shi ne LGA1851 na Core Ultra 200S da ya fito Oktoban 2024, DDR5 kawai. Al'adar Intel ita ce canza soket bayan zubi biyu, LGA1700 ne ya yi sa'ar uku, don haka in ka sayi Intel ka saya da niyyar wannan furosesan za ka zauna da shi har ranar da za ka canza madabod ɗin ma.

Tsarin Intel tun daga zubi na 12 shi ne haɗa kor iri biyu, manya masu ƙarfi da ake kira P da ƙanana masu tattalin wuta da ake kira E. i5-14600K yana da 6 manya da 8 ƙanana, i7-14700K 8 da 12, Core Ultra 7 265K shi ma 8 da 12, Core Ultra 9 285K 8 da 16. Wannan yawan kor ɗin yana da amfani na gaske in kana fitar da bidiyo ko kana aiki da manhajoji da yawa lokaci guda, kuma a matsakaicin farashi Intel kan ba ka kor fiye da na AMD. Windows 11 ce ta fi iya raba musu aiki, ita kuma Windows 10 dama Microsoft sun daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025.

Farashin fitowa: Core Ultra 5 245K dala 309, Ultra 7 265K dala 394 kuma daga baya a 2025 an rage masa kuɗi sosai, Ultra 9 285K dala 589. A ƙasa kuma akwai i3-12100 da i5-12400 waɗanda har yau ina saka wa mutane su da zuciya ɗaya, sanyi gare su, ba sa cin wuta, madabod H610 ko B760 mai sauƙin kuɗi ya ishe su. Haruffan ƙarshe suna da ma'ana: K ana iya ƙara masa gudu amma sai da madabod Z mai tsada kuma ba ya zuwa da fanka, F kuma ba shi da girafik a ciki, in ba ka saka kati ba allo ba zai nuna komai ba. Haka Ryzen 5 5600 da 7500F suke a ɓangaren AMD. Na taɓa ganin wanda ya kwana yana zargin madabod alhali furosesa mai F ya sayo babu kati.

Inda Intel ya fi burge ni shi ne Quick Sync, wani sashe a girafik ɗin cikinsa da ke karanta bidiyo da fitar da shi. Masu ɗaukar bidiyo da kyamarorin Sony da Canon a tsarin bidiyo na H.265 mai bit 10 da 4:2:2 sun san yadda fayil ɗin nan ke sa manhajar yanka bidiyo ta Premiere Pro tsalle-tsalle, to Quick Sync yana narkar da shi sumul. Katunan Nvidia sai a RTX 50 suka fara iya wannan. Don haka mai yanka bidiyo in zai sayi Intel kar ya kuskura ya ɗauki mai F don ya rage riyal ɗari, abin da ya zo nema ne zai bari a shago.

Zafi. A nan manyan zubi na 13 da 14 suke da nauyi. i7-14700K da i9-14900K suna jan har wat 253 in aiki ya kankama, 14600K kuma 181, wannan sai babbar fankar iska mai hasumiya biyu ko ta ruwa, da fawa saflai mai kyau. Core Ultra sun rage cin wuta sosai idan aka kwatanta, sai dai a gem ba su wuce na baya ba, wasu wuraren ma sun ɗan gaza. A gefe guda kuma in kwamfuta na zaune ba ta aikin komai, ko ana ɗan rubutu, Intel yawanci ya fi manyan Ryzen ƙarancin jan wuta, wannan gaskiya ce da masoya AMD ba sa yawan faɗa.

Sai babban abin da ya girgiza mutane. A 2024 Intel sun amsa cewa furosesoshin tebur na zubi na 13 da 14, musamman i7 da i9 da i5 masu K, suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu har cikinsu ya riƙa lalacewa a hankali, gem ya riƙa rufewa, shuɗin allo ya riƙa fitowa. Sun fitar da gyara ta BIOS, 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumban shekarar, suka kuma ƙara shekara biyu a garantin waɗanda abin ya shafa, na kwali ya tashi daga uku zuwa biyar. Amma gyaran yana hana lalacewa ne a gaba, wanda ya riga ya taɓu ba ya warkewa sai dai a canza shi. Zubi na 12 da Core Ultra abin bai shafe su ba. Sabo a kwali da fatura, a sabunta BIOS kafin a fara aiki, ba ni da matsala da shi. Na hannu kuwa, i7 ko i9 na 13 da 14, ko a shafin saye da sayarwa na Haraj ka gan shi ko wani abokin aiki ne zai sayar maka da rabin kuɗi, wallahi ba na ba kowa shawara, don ba ka da hanyar sanin wahalar da ya sha kafin ya zo hannunka.

Zafin ƙasar nan da wutar gida

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani ɗan uwa a Hindawiyya, ɗakinsa a saman bene, ya kawo min kwamfutarsa a watan Agusta wai tana mutuwa da kanta in ya bar ta tana fitar da bidiyo. Da na tambaye shi sai ya ce in zai fita aiki yakan kashe mukayyif, wato AC, ya bar ta tana yi. Na buɗe akwatin, ƙura ta toshe tsakanin ƙarafunan fankar ta zama kamar bargo, na sa yatsa na ɗago ta a dunƙule, man da ke kan furosesan ya bushe yana farfashewa kamar busasshen laka, gaban akwatin kuma gilashi ne rufe ruf babu ta inda iska za ta shiga. Furosesan lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne ya zama tanda. Muka hure ƙurar, muka sa sabon mai, muka canza akwati zuwa mai raga a gaba, har yau tana aiki.

Yawancin gwajin da kake gani a intanet a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai ake yin sa. A Makka da Madina da Riyad zafin bazara yana wuce 45 a waje, Jidda kuma ga laima ga gishirin teku. Duk digirin da ɗakinka ya ƙaru, furosesa ma ya ƙaru, in ya kai iyakarsa zai rage gudu da kansa, ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Shi ya sa furosesa mai wat 65 zuwa 120 ya fi kwantar min da hankali a nan fiye da mai 250, sai in mukayyif ɗinka ba ya mutuwa.

Kuɗin lantarki kam a nan ba shi ne damuwa ba. Halala 18 ne, halala ɗari kuwa ita ce riyal ɗaya, kilowat ɗaya na awa guda ga gidaje har zuwa 6,000 a wata, bambancin wat 100 na awa takwas kullum kilowat 24 ne a wata, ko riyal biyar bai kai ba. Amma wannan wat 100 ɗin a kan batirin inbata a Kano cikin dare, wani zance ne daban, shi ne bambancin ka gama aiki ko wuta ta ɗauke a tsakiya. Fawa saflai na zamani yana karɓar 60Hz na nan da 50Hz na gida ba matsala, abin da za ka tanada a can shi ne UPS ko sitabilaiza mai kyau.

| Abin dubawa | AMD AM4 | AMD AM5 | Intel LGA1700 | Intel LGA1851 |
|---|---|---|---|---|
| RAM | DDR4 | DDR5 | DDR4 ko DDR5 | DDR5 |
| Kuɗin gidan duka | ƙasa | matsakaici zuwa sama | ƙasa zuwa sama | matsakaici zuwa sama |
| Canza furosesa a gaba | iya Ryzen 5000 | har 2027 da gaba | iya zubi na 14 | kar ka dogara da shi |
| Gem | ya isa | mafi ƙarfi da X3D | mai kyau | mai kyau |
| Yanka bidiyo | daidai gwargwado | mai ƙarfi | mai ƙarfi da Quick Sync | mai ƙarfi da Quick Sync |
| Zafi a aiki mai nauyi | kaɗan | kaɗan, sai manyan | i7 da i9 da yawa | matsakaici |
| Sayen na hannu | duba allurai | duba soket | guji i7 da i9 na 13 da 14 | duba soket |

Garanti da wajen saye

Furosesan kwali na kamfanonin biyu shekara uku ne garantinsa. Akwai kuma wanda ake kira tire, wanda ke zuwa tsirara a 'yar roba babu kwali, ya fi araha amma garantinsa a hannun mai shago yake, in shagon ya rufe shi ke nan. Ka tambaya kai tsaye, kwali ne ko tire, daman na shekara nawa, na wakili ne ko na mahal, kuma a rubuta lambar furosesan a fatura. Ka ɗauki hoton faturar a waya don tawadar irin takardar nan tana gogewa cikin 'yan watanni a zafin nan. A Amazon da Noon ka duba waye mai sayarwar kuma daga ina kayan zai taso, wanda ya taso daga waje mayar da shi aiki ne.

A AM5 da Intel duka allurai a cikin soket ɗin madabod suke, siraran gaske, in ɗaya ta lanƙwashe yawanci garanti ba ya ɗauka. Na taɓa sayen madabod na hannu wajen wani da muka haɗu a bakin titi bayan isha'i, ban haska soket ɗin ba, sai da na koma gida na ga allurai biyu a kwance, ramin RAM ɗaya ya ƙi aiki. Tun daga ranar ba na biya sai na cire murfin na haska da fitilar waya ta gefe, in layin alluran bai yi ƙyalli iri ɗaya ba na ajiye.

To wa zai ɗauki wanne

Ɗalibi ko mai ofishin umara da aikinsa rubutu ne da Excel da firinta da burauza, i3-12100 ko i5-12400 marar F, ko Ryzen 5 5600G, duk wanda ka samu gidansa ya fi araha ranar, ɗauka kawai, ba ka buƙatar katin girafik, ragowar kuɗin ka sa a SSD da RAM 16GB da allo mai kyau don idonka. Waɗannan su ne kuma suka fi dacewa da wanda zai tura ta gida kan sola.

Mai gem da kuɗinsa ba su da yawa, Ryzen 5 5600 ko i5-12400F a kan DDR4, kuɗin ya tafi kati. In da ɗan hali, Ryzen 5 7600 ko 9600X da B650, wannan shi na fi saka wa mutane yanzu saboda ƙofar gaba a buɗe take. Mai babban kati da allo mai gudun 240Hz, 7800X3D ko 9800X3D, a nan ban ga abin yin gardama ba. Wanda kuma yake son ɗan gem amma kati sai nan gaba, Ryzen 5 8600G ko Ryzen 7 8700G girafik ɗin cikinsu ya fi na kowa a tebur, zai riƙe ka kafin ka tara.

Mai manhajar zanen 3D ta Blender ko manyan ayyukan da ke cinye duk kor ɗin da aka ba su, 9950X ko Core Ultra 9 285K, ka duba manhajarka wanne ta fi so, kuma ka ware kuɗin fanka da akwati mai raga tun farko.

Shi kuwa ƙanin nawa na Madina, aikinsa yanka karatuttukan malamai ne da bidiyon masu ziyara da yake ɗauka da kyamarar Sony, ba ya gem, kuma saura shekara biyu ya koma Zariya da kayansa. Na ce masa ya nemi Core Ultra 7 265K marar F in ya same shi a farashin da aka rage, da madabod B860, RAM 32GB, fankar iska mai hasumiya biyu maimakon ta ruwa don fanfon ruwa in ya mutu a gida samun wani wahala ne, sannan a BIOS mu taƙaita masa wuta kafin ranar kargo. Ya ce "Yaya to in kuɗin RAM ɗin ya fi ƙarfina fa?" Na ce to mu sauko i5-12600K da madabod na DDR4, Quick Sync ɗin yana nan, ya turo min hoton fatura kafin ya biya.